Na ara wa kaina "Dakta" don a saurare ni, ina laifina?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, ina shekara ta biyu ta masta a fannin tarihi. Akwai wani zaure a Facebook inda malamai da ɗalibai na Nijar da Najeriya ke muhawara kan tarihin ƙasar Hausa, kuma malamin da ke duba memuwar ɗina, wato kundin bincikena, yana ciki. Sau biyu na yi magana da sunana ba wanda ya tanka, a na uku wani ya ce in bari sai na gama karatu. Haushi ya sa na buɗe wani asusu da sunan namiji, na sa Dakta a gaba, na rubuta cewa ina koyarwa a wata jami'a a waje. Tun ranar ake saurarona. Watan jiya ana gardama kan dalilin kashe Cazemajou, hafsan sojan Faransan da aka kashe a nan Damagaram, sai na ce na ga wata wasiƙa da idona a gidan ajiyar takardu na Faransa, alhali a wani littafi na karanta labarinta. Yanzu wani ɗalibin lisans ya turo mini saƙo yana neman izini ya ambace ni a aikinsa. Malam, ban ƙirƙiri komai a tarihin ba, abin da na faɗa yana cikin littafi. To ina laifina, tunda da sunana ba a ji na? Kuma me zan ce wa yaron nan?"

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Sau biyu na karanta saƙonki kafin in amsa, domin a karatun farko tausayinki ne ya rufe ni, sai a na biyu na iya rarrabe abin da ke ciki. A kan laifi tambaya ɗaya kika yi, amma abubuwa huɗu kika zuba a ƙwarya guda. Kin ɓoye sunanki, kin ɗauki na namiji, kin ari digirin da ba ki kai gare shi ba tukuna, sannan kin ba da shaidar gani da ido kan takardar da ba ki gani ba. Da yake asusu ɗaya ne ya ɗauke su duka, sai suka zame miki kamar abu guda. A wurina hukuncinsu ya sha bamban. Na farko ba ni da ja a kansa. Na biyu akwai ƴar magana. Na uku da na huɗu su ne suka hana ki sukuni har kika rubuto, kuma zuciyarki ba ta yi miki ƙarya ba.

Amma bari in fara ba ki hakkinki. Wanda ya ce ki yi shiru sai kin gama karatu bai yi miki adalci ba, kuma ya nuna bai san amfanin zauren ilimi ba. Na daɗe ina koyar da tarihi, tun daga lise har jami'a, na sha ganin ɗaliba ta kawo magana mai nauyi a wuce ta kamar ba a ji ba, bayan minti biyar namiji ya maimaita ita ɗin dai a yi ta jinjina masa. Ciwon nan na gaske ne. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ba ya wanke waɗanda suka tura ki wannan hanya.

Ɓoye suna tsohon abu ne

Mu Hausawa mun fi kowa sanin cewa mutum na iya rayuwa da sunan da ba na yanka ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ta shekara talatin da miji ba ta furta sunansa ba, dattijo ya tsufa a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ana ce masa Tanko ko Ɗanjuma, sai ranar wata takardar hukuma a ji ashe Abdurrahmani ne. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya, don ba a cuci kowa da shi ba. A makaranta ma haka ne. Takardar jarrabawar bak, ta gama lise, ana rufe sunan mai ita a sa lamba kafin ta isa hannun mai gyara, da gangan, don kada ya san ɗan wane ne. Maƙalar da muke aika wa mujallun ilimi, masu tantance ta galibi ba mu san su ba, sau da yawa su ma ba su san mu ba. Ke nan ilimi da kansa ya yarda cewa wani lokaci rufe suna ne ke kawo adalci.

Duk wanda ya yi darasin ƙididdiga ya haɗu da gwajin da ake kira na "Student". Mai shi William Gosset ne, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya buga aikin a 1908 da wannan laƙabi saboda kamfanin ba ya barin ma'aikatansa su buga bincike da sunayensu. Ki lura da abin da ya zaɓa. Ɗalibi ya kira kansa, ya rage wa kansa matsayi, bai ƙara ba.

Wadda halinta ya fi kusa da naki ita ce Sophie Germain ta Faransa. A zamaninta ba a karɓar mata a makarantar Polytechnique ta Paris, sai ta riƙa aika ayyukan lissafi da sunan wani ɗalibi, Le Blanc. Da wannan suna ta fara rubuta wa babban masanin lissafin Jamus, Gauss, a 1804. Asirin ya fito ne bayan sojojin Faransa sun shiga garin da Gauss yake zaune a 1806, ta ji tsoron kada wani abu ya same shi, ta roƙi wani janar da ya san gidansu ya bincika lafiyarsa. Da Gauss ya gane mace ce, wasiƙar yabo ya rubuta mata. Me ya sa bai ji an yaudare shi ba? Saboda abin da take aika masa lissafi ne, ya bi shi layi-layi da alƙalaminsa ya ga ya tsaya. Ko sunan wa aka sa a ƙasa, lissafin yana nan yadda yake. Ba ta nemi ya yarda da ita don wani muƙami ba.

Akwai kuma misalin da ke ƙofar gidanmu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Birni a ƙarshen 1852, Abdulkarim yake kiran kansa a tafiyarsa. Shehun Borno a Kukawa da Sarkin Musulmi Aliyu sun san Nasara ne ɗan aiken Ingila, sunan bai ruɗe su ba. Amma da ya doshi Tumbutu a 1853 sai ya canza salo, ya riƙa nuna wa mutanen hanya cewa shi sharifi ne Balarabe, har wasu na neman albarkarsa. Mutum ɗaya ne, suna ɗaya ne, amma na farkon laƙabi ne, na biyun shigar burtu. Uzurinsa tsoron ransa ne, kuma uzuri ne babba. Duk da haka ban taɓa bi ta wannan sashe na tafiyarsa da ɗalibai ba sai na tuna talakan da ya miƙa kai a dafa masa, yana zaton jikan Annabi ne ya taɓa shi.

Hujja daban, shaida daban

Abin da ake faɗa a zauren ilimi iri biyu ne. Akwai hujja, kamar mutum ya ce littafi kaza a shafi kaza ya faɗi kaza, ko ya nuna cewa wannan shekarar ba ta dace da waccan ba. Kowa na iya zuwa ya duba. Mai faɗar ko ɗan lisans ne ko mai tallan goro a kasuwar Dole, ba ruwan hujja. Akwai kuma shaida, wato "na gani", "na ji daga bakin wane", "shekara goma ina aiki a kan wannan". Ita ba ta da ƙafar kanta, a kan mutuncin mai faɗarta take tsaye. In kika ji an ce a dubi abin da aka faɗa kada a dubi wanda ya faɗa, hujja ake nufi. Shaida kuwa dole a dubi mai ita, shi ya sa alƙali ke tambayar mai shaida sunansa da na ubansa kafin ya buɗe baki.

Malaman hadisi sun gama da wannan batu tun da daɗewa. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa maganar Ibnu Sirina cewa wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku, da ta Abdullahi ɗan Mubarak cewa ba don isnadi ba, wato jerin masu ruwaya, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Mai ruwayar da ba a san ko wane ne ba suna ce masa majhuli. Ba su kira shi maƙaryaci ba, amma ba su gina hukunci a kan ruwayarsa ita kaɗai ba. Wannan shi ne matsayin mai laƙabi a zaure, kuma matsayi ne mai mutunci: a duba hujjarsa, a jingine shaidarsa. Suna kuma da abin da suke kira tadlisi, wato mutum ya ruwaito daga malami da lafazin da zai sa a zaci ya ji da kunnensa, alhali ta hannun wani ya samu. Sun ƙyamace shi ƙwarai, duk da cewa mai tadlisi bai fito fili ya ce "na ji" ba, magana mai harshen damo yake yi. Ke kuwa kin ce kin gani da idonki. Ba ina haɗa wasiƙar sojan Faransa da hadisi ba ne, Allah ya kiyaye. Hanyar tantance labari nake nufi, kuma mai karatun tarihi a ƙasar nan ya fi kowa cancantar ya koye ta a wurinsu.

Kin ce abin da kika faɗa gaskiya ne tunda yana cikin littafi. A nan nake so ki tsaya sosai, domin wannan ita ce sana'ar da kike koyo. Abin da ke hannunki shi ne wani marubuci ya ce akwai wasiƙa mai cewa kaza. Ya kawo ta duka ne ko layi biyu ya yanko? Shi ya buɗe ta da hannunsa ko a wurin wani ya kwaso? Ya karanta kwanan watan daidai? Wanda ya taɓa fama da rubutun hannun hafsoshin Faransa na wancan zamani ya san ba kowace kalma ake karantawa a tashin farko ba. Batun kashe Cazemajou a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, abu ne da takardun Faransawa ke kallo ta wata fuska, bakin mutanen gari kuma ta wata, don haka kowace shaida tana da nauyi a ma'auni. Kafin ki yi magana, mutum ɗaya ne ke tsaye a kan wasiƙar, wato marubucin littafin. Da kika ce kin gani, sai mutanen zaure suka ƙirga biyu, suna zaton wani masani daban ya je ya tabbatar. Kin ninka nauyin magana ba tare da sanin kowa ya ƙaru ba. In marubucin ya yi kuskure, yanzu kuskuren ya samu mai tsaya masa, kuma ga wani yaro na shirin mayar da shi rubutu na uku. Da yawan abin da muke shan wahalar kankarewa a tarihin ƙasar nan ta haka ya shigo, ta bakin mutanen kirki masu gaggawar cin gardama.

Ita kuma kalmar Dakta, alkawari ce ga mai karatu. Tana ce masa mutumin nan ya share aƙalla shekara uku bayan masta a kan bincike ɗaya, ya tsaya gaban juri ya kare shi. Bayan nan ma ga matakalar CAMES, hukumar da ƙasashenmu suka kafa a Yamai a 1968, wadda malamin jami'a ke hawa mataki-mataki har ya kai farfesa. Na sani akwai daktan da ɗalibi mai himma ya fi shi karatu. Amma mai karatu yana amfani da kalmar ne ya rage wa kansa bincike, ya ce tunda dakta ne ba sai na duba ba. Kin sa mutane sun ajiye taka-tsantsan ɗinsu a inda ya kamata su riƙe shi, amanar da aka taɓa ke nan. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu na ƙarya ne.

Wanda abin ke faɗa wa a kai

Shekarun baya na zauna cikin jurin sutnans, wato zaman kare kundi, na wani yaro mai ƙoƙari. Mahaifinsa ya taso tun asuba daga wani ƙauye a yankin Mirya, ya zauna a kujerar baya da babbar rigarsa ta Sallah, hularsa a kan gwiwa saboda zafi. A babi na biyu yaron ya gina wata magana kan abin da "Farfesa wane" ya gaya masa a intanet, har ranar hirar ya sa a ƙasan shafi, daidai yadda muka koya masa. Ɗaya daga cikinmu ya tambaye shi a hankali, farfesan nan a wace jami'a yake, me ya rubuta? Yaron ya zaro waya daga aljihu a gabanmu, yana ta ja da babban yatsa, gumi na ɗiga kan gilashin. Asusun babu shi, an rufe. Ɗakin ya yi tsit, ƙarar fanka kaɗai ake ji. Bai yi ƙarya ba, bai saci aikin kowa ba, yarda kawai ya yi. Muka mayar da shi ya sake babin, takardarsa ta makara, jarrabawar neman aikin da ya sa wa rai a shekarar ta wuce shi. Uban bai ji Faransancin da ake yi ba, amma ya karanta fuskar ɗansa. Wanda ya jawo masa wannan ina jin har yau bai san ya yi ba, wataƙila ma wani ɗalibi ne da ya gaji da raini, kamar ke.

A waje ma an ga irinsa. A 2007 aka gano wani babban mai gyara a Wikipedia mai laƙabin Essjay, wanda ya daɗe yana cewa shi farfesan ilimin addini ne mai digirin dakta, ashe saurayi ne ɗan shekara 24 da bai gama jami'a ba. Wikipedia cike take da masu laƙabi, ba wannan ya tayar da hankali ba. Abin da ya fusata mutane shi ne da aka koma baya aka ga ya yi amfani da digirin wajen rufe bakin abokan gardama. Ya rasa muƙamansa, mujallar New Yorker da ta yi hira da shi ta fito ta yi gyara. Kada kuma ki zaci ɗalibai kaɗai ke faɗawa. A 2010 sanannen masanin tarihin Rasha a Landan, Orlando Figes, ya amsa cewa shi ne ke rubuta sharhi a Amazon da wani suna, yana kushe littattafan abokan aikinsa yana yabon nasa, har ya biya diyya. A shekarar dai wata kotu a New York ta samu wani lauya da laifi, saboda a gardamar da ake yi kan tsoffin rubuce-rubucen da aka tono a gaɓar Tekun Gishiri ya buɗe imel da sunan wani farfesa mai rai yana aika saƙonni kamar shi ne. Wannan shi ne sojan gona tsantsa, don haka ki bincika yau ɗin nan ko sunan da kika ɗauka ya yi daidai da na wani malami na gaske. In ya yi, maganar ta tashi daga ladabi ta koma shari'a.

A zauren WhatsApp da nake cikin masu kula da shi mun taɓa samun mutum ɗaya da lambobi uku. Ya kawo ra'ayi da ta farko, ta biyu ta ce wallahi Malam ya yi gaskiya, ta uku ta zagi mai ja. Abin da ya tona shi, duka ukun suna rubuta wata kalmar Faransanci da kuskure iri ɗaya. Shi ba digiri ya ara ba, taron dangi ya haɗa shi kaɗai, amma cutar ɗaya ce da taki: ya sa mutane sun ƙirga abin da babu.

Sunan namiji

A kan wannan ba zan tsananta ba. Na san irin saƙonnin da ke faɗo wa mace da zarar ta yi magana a fili, ɗalibaina sun sha nuna mini. Muddin gardamar kan shekarar da wani sarki ya hau ce, jinsin mai magana ba ya ƙara wa hujja komai, ba ya rage ta. Sunan yana zama ƙarya ne ranar da jinsin ya shiga cikin maganar, kamar ana batun auren ɗalibai ki ce "mu maza", ko wani ya buɗe miki cikinsa a saƙon sirri yana zaton da ɗan'uwansa namiji yake. Da kin nemi shawarata tun farko, da na ce ki zaɓi abin da kowa zai gane laƙabi ne, kamar Mai Nazari. Wanda ya ga irin wannan ya san an rufe fuska, ya san yadda zai auna maganar. Cikakken suna mai kama da na gaske, ga jami'a a ƙasa, shi ke sa mutum ya zaci ya san da wa yake magana. Ki kuma sani ƙa'idar Facebook ita ce a yi amfani da sunan da aka san mutum da shi, suna iya rufe asusun duk ranar da wani ya kai ƙara.

Hasarar da ta fi damuna wata ce daban. Duk maganar kirki da kika yi watannin nan, a lissafin maza aka sa ta. Mutumin da ya ce ki yi shiru wataƙila yana cikin masu jinjina wa Dakta, kuma har gobe yana kan ra'ayinsa cewa ɗalibai mata ba su da abin faɗa.

Yaron nan, da abin da ya rage

Yaron shi ne na gaggawa. Ki amsa masa yau, kada ya kai ga buga kundinsa. Ba dole ki gaya masa sunanki ba. Ki ce masa: "Kada ka ambace ni a aikinka. Ba ni da digirin dakta, har yanzu karatu nake yi, kuma ban ga wasiƙar da idona ba. A littafi kaza, shafi kaza na karanta labarinta. Shi za ka ambata, ka kuma nuna wa malaminka." Sannan tunda a fili kika yi maganar, a fili za ki gyara, a ƙarƙashin inda kika rubuta ta, da kalmomi kaɗan ba tare da dogon uzuri ba. Ki cire Dakta, ki cire jami'ar. Za a yi surutu kwana biyu, wasu za su yi miki dariya, zai yi zafi. Abin da ba na so shi ne ki goge asusun ki ɓace shiru, domin an riga an ɗauki hoton maganarki yana yawo a wayoyi, kuma haka aka bar yaron Mirya da waya a hannu.

Bayyana sunanki na gaskiya kuwa ban ce dole ba. Ta bakinki kaɗai na ji, kuma ke kika san malaminki. Akwai masu yafiya, akwai masu riƙo, ga makinki a hannunsa. In a ƙarƙashin Dakta kin taɓa kushe shi ko kin yi masa gugar zana alhali gobe za ki durƙusa a ofishinsa ya gyara miki babi, wannan hakki ne tsakaninki da shi, ina ganin ki nemi gafararsa a lokacin da ya dace, ko da bayan sutnans ne. In kuwa ja ne na ilimi cikin ladabi, babu abin kunya. Ana ruwaito wa Imamu Malik cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayarwa, ban da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu malamai mukan karanta wa ɗalibai wannan magana, sannan mu ɓata rai ranar da suka yi aiki da ita a kanmu. Rabin masu rufe fuska a zaurukan nan mu muka sa su.

Akwai ma inda nake ganin ɓoye suna ya zama dole, kamar ɗalibar da wani malami ke matsa wa, ko wanda ya gano babba ya kwashe rubutun wani ya sa sunansa. Amma ko a nan ba a bukatar digirin aro. Shafi biyu ne za a jera kusa da juna, kowa ya gani da idonsa. Sai dai mai yin haka ya san laƙabi ba garkuwa ba ne a gaban doka. A Nijar muna da dokar laifuffukan intanet tun 2019, a 2024 kuma aka dawo da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta wannan hanya, ga lambar waya da sunan mai ita aka yi mata rajista. Ni malamin tarihi ne, wanda abin ya kai shi nan ya nemi lauya, wanda kuma ke son hukuncin addini dalla-dalla ya je wurin masu fatawa.

In za ki ci gaba da laƙabi, ki tsaya da murya ɗaya a kowace gardama, kada asusun biyu su haɗu a wuri ɗaya suna mara wa juna baya. A zaurenmu abin da muka tsayar bayan mai lambobi uku shi ne kowa na iya shiga da laƙabi, amma ɗaya daga cikin masu kula ya san shi a asirce, kuma ba a sa Dakta ko Farfesa sai an tabbatar. Ki kai wa masu zaurenku wannan shawara, ki nemi wata malama ko wani dattijo a cikinsu da kika amince da shi.

Game da yadda za a saurare ki ba tare da aro ba, kina da abin da daktan da kika ƙirƙira ba zai taɓa samu ba. Kina zaune a Damagaram. Da ƙafa ko da kabu-kabu za ki isa ƙofar fada, ki zauna da dattawan Birni da Zango, da maroƙa, da tsofaffin mata da maza masu bincike ba sa iya shiga ɗakunansu. Ki shiga zaure ki ce ranar kaza, a unguwa kaza, wata tsohuwa ta gaya mini abin da kakarta ta ce game da ranar da aka kashe Nasaran, ga muryarta na ɗauka da izininta. Wannan shaida ce taki ta halak, kuma ita ce irin maganar da ta cancanci ki sa mata sunanki na yanka.

Ita kuma wasiƙar, kada ki bar ta haka. Ki koma littafin ki duba ƙasan shafin, marubuci na ƙwarai yakan ba da lambar takarda da inda take. "Gidan ajiyar takardu na Faransa" ba wuri ɗaya ba ne. Takardun ma'aikatar mulkin mallaka suna Aix-en-Provence, na soja suna Vincennes kusa da Paris, na gwamnan Afirka ta Yamma suna Dakar, wasu kuma suna nan Yamai. In kin samu lambar, ki rubuta musu, ko ki roƙi wani ɗalibinmu da ke karatu can ya ɗauko miki hotonta. In ta zo, ki karanta ta daga gaisuwa har sa hannu, ki gwada da abin da littafin ya ce, sannan ki tura wa yaron kwafi.